Waya a Hannun Yaro, Alhaki a Wuyan Wa?

A watan Satumba na shekarar 2021 aka wayi gari a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa babu sabis. Hukuma ce da kanta ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, 'yan kwanaki bayan an yi haka a Zamfara. Kafin nan, a ƙarshen watan Agusta, gwamnan jihar na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, daga baya har sana'ar cajin waya aka hana. Babu wanda bai ɗanɗana ba. Mai POS ya naɗe tabarmarsa, mai ɗa a Legas ko Fatakwal ya biya kuɗin mota zuwa wani gari don kawai ya ji muryar ɗansa ko a turo masa na cefane, wanda matarsa ta fara naƙuda cikin dare sai dai ya fita da ƙafa ya buga ƙofar mai mota. Sai a watan Disamba aka fara mayar da layukan. Duk mai hankali ya kamata ya tambayi kansa abin da zai sa gwamnati ta jefa talakawanta cikin irin wannan ƙunci da gangan. Dalilin bai ɓuya ba: ta haƙiƙance cewa labarin da ke fita daga cikin gari ta waya shi ke share wa bindigar da ke shigowa daga daji hanya.

To, sabis ya dawo, kuma ba mai fatan a sake ɗauke shi. Amma dawowarsa ta mayar da nauyin kanmu. Idan aka duba su wane ne suka fi riƙe waya a garuruwanmu, suka fi daɗewa a kanta, suka fi sanin lungunanta, za a tarar yara ne masu tasowa, daga shekara 13 zuwa 19. Uba yana da ƙaramar waya mai tocila wadda ba ya komai da ita sai kira da sauraron rediyo, ɗansa kuwa yana da babba mai Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma uban ne ma kan miƙa masa tasa ya ce, “Duba mini wannan saƙon.” Abin da wannan takarda ke son kafawa a zukata shi ne, abin da yaro ya rubuta, ko ya ɗauka, ko ya tura, ko ya faɗa wa baƙuwar murya ta waya, aikinsa ne kamar yadda abin da ya yi da hannunsa a kasuwa aikinsa ne. Zai amsa shi a gaban hukuma, zai amsa shi a gaban Allah, kuma wanda ya saya masa wayar ya kau da kai yana da nasa kason.

Babban haɗarin da ya hana mahukunta barci shi ne infoma. Ɗan bindigar da ke zaune a daji bai san wanda ya sayar da masara buhu hamsin a kasuwar Ɗandume ba, bai san gidan da aka kawo lefe ba, bai san daren da jami'an tsaro suka janye daga bakin gari ba, bai san ko katangar bayan gidan Alhaji ta rushe da damina ba. Wani ne daga cikin gari ke faɗa masa, wanda ya san mu, yake gaishe mu da safe, wataƙila ma ya tsaya sahu ɗaya da mu a masallaci. Jami'an tsaro sun sha gabatar wa 'yan jarida irin waɗannan mutane a Katsina, kuma sau da yawa abin da ke sa mutum hawaye shi ne ƙarancin shekarunsu da ƙarancin abin da aka ba su. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya taɓa faɗa a wata hira cewa da Naira 500 ma ana iya jan matashi cikin wannan harka. Abin kan fara da ɗan ƙaramin aike. A ce wa yaro ya sayo kati, ya sayo burodi da sigari, ya kai wa wani a bayan gari, a ba shi canjin. Gobe a kira shi a tambaye shi ko motar sojoji ta wuce. Jibi a tambaye shi ko wane yana kwana a gida. Ranar da ya so ya zame, sai a tuna masa cewa an san gidansu, an san sunan uwarsa, kuma akwai muryarsa a ajiye. Daga nan ba shi da sauran zaɓi sai wanda suka ba shi.

Akwai kuma infoman da bai san shi infoma ba ne, kuma su suka fi yawa. Yaro ya tsaya a gaban buhunan da mahaifinsa ya jera a zaure bayan girbi, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook da “Alhamdulillah, noma tushen arziki.” Wani ya ɗauki bidiyon sabuwar motar yayansa, har lambar motar da ƙofar gidan da bishiyar darbejiyar da ke gefenta duk sun fito. Yarinya ta sanar da duniya cewa ayarin amarya zai tashi daga gari kaza ranar Asabar bayan la'asar. Wani ya ga jerin motocin jami'an tsaro sun nufi 'Yankara, ya ɗauka a ɓoye ya jefa zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, wanda bai san ko rabinsu ba, ya rubuta “Allah ya ba da sa'a.” Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya gaya wa wanda ake nema yawan motocin da hanyar da suka bi da lokacin da suka wuce. A garin da ake zaman lafiya wannan duk ƙuruciya ce da son a sani. A yankin da ya yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari kuwa, inda ake farautar mutum saboda abin da aka ji yana da shi, taimakon maƙiyi ne. Wanda aka kwana da shi a daji ɗaure da igiya babu abin da zai amfana da shi daga kyawun niyyar wanda ya tona shi.

Sai bidiyoyin su kansu 'yan bindigar. A shekarun nan an ga wasunsu suna fitowa kai tsaye a TikTok, bindiga a kafaɗa, damin kuɗi a gaba, suna raha da masu kallo, har suna cewa a turo lambar asusu su yi kyauta. Kuma an turo. Samari da 'yan mata, da sunayensu da hotunansu, suna roƙon “Oga a taimaka mana.” Ya kai mai wannan roƙo, kuɗin nan da ka gani gonar wani ce da aka sayar da gaggawa, shanun noman wani ne, sadakin 'yar wani ne, karo-karon da aka bi masallatai aka tara ne don a fanso limami ko mai jego. In ya shiga asusunka ka ci haramun wadda babu tawili a cikinta. Ta fuskar doka kuma, tun watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana waɗannan ƙungiyoyi a matsayin 'yan ta'adda, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda ya tallafa musu, ko da da labari ne. A Katsina, tun 2019 hukuncin garkuwa da mutane ya kai kisa. Kada kuma wani ya ruɗi kansa da cewa ya ɓuya a bayan sunan ƙarya: tun Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, asusun banki kuma yana ɗauke da hoton yatsun mai shi.

Abin da ya fi kuɗin illa shi ne sha'awa. Yaron da ya wuni yana kallon mutumin da bai fi shi da shekaru da yawa ba yana wasa da miliyoyi, shi kuwa ya yini a gonar wani an ba shi abin da bai isa mudun gari ba, a hankali zuciyarsa za ta fara auna abubuwa da wani ma'auni. Zai fara kwaikwayon maganarsu, ya sa wa kansa laƙabin ɗayansu, ya ɗauki hoto da rawani da bindigar katako. Bidiyon ba ya nuna masa ƙarshen labari, don haka bari a faɗa masa. Daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji da ƙafa, wasu ko takalmi babu. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Duniya duka ta ji sunan Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci wannan aiki. A watan Fabrairu na 2021 ya fito a Gusau ya miƙa makamai ya yi rantsuwa, ba da jimawa ba ya koma daji, kafin watan Afrilu ya ƙare 'yan uwansa 'yan bindiga sun harbe shi. Ko wata biyar bai cika ba bayan aikin da ya yi masa suna. Wannan shugaba ke nan. Yaran da ke riƙe musu babura da kiwon shanun sata kuwa, su ake turawa gaba, su ke fara faɗuwa, kuma ba mai ɗaukar bidiyon jana'izarsu. Ko a 2025, da aka yi ta zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama har da Faskari, hotunan da suka fi yawo a wayoyin yara su ne na samari rataye da harsasai ana rububin ɗaukar hoto da su. Ko mutum yana goyon bayan sulhu ko ba ya yi, wajibi ne ya zaunar da ɗansa ya fahimtar da shi cewa zama da mutum don a tsira daga sharrinsa daban, ɗaukarsa abin koyi daban. Mutanen ƙauyen Kadisau da 'yan bindiga suka kashe a watan Yuni na 2020 suna da marayu a raye, suna kuma ganin waɗannan hotuna.

Iyayenmu mata sun san wani abu game da wuta wanda muka manta. A da, kafin ashana ta wadata, in murhu ya mutu akan aiki yaro maƙwabta ya ɗebo wuta. Ba uwar da za ta ce masa kawai “je ka.” Za ta zaɓi yaron da ya isa, ta ba shi kasko ko fasasshen tukunya, ta ce ya sa toka a ƙasa, ya rufe da hannu daga iska, kada ya tsaya wasa, kada ya bi ta gindin rumbu, kada ya raɓi dannin kara. In lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa, ciyawa ta bushe ƙayau, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa har ya dawo, maƙwabciyar ma da ta ba shi tana leƙensa ta kan katanga. Ba don suna ƙin wuta ba. Da ita za a dafa tuwo, da ita za a ji ɗumi, da ita za a dafa wa mai jego ruwa. Sun dai san garwashi ɗaya in ya faɗi inda bai kamata ba, ba ya tambayar gidan wa ya aiko, zai ci na mai aiken, ya ci na maƙwabci, ya ci rumbun marayu, ya bar unguwa tana tsaye da bokitai tana salati. Kuma in an yi gobarar, ba a taɓa cewa laifin wuta ne ba. A kan tambayi wane yaro ne, wa kuma ya aike shi. Yau mun ɗauki garwashin da ya fi wancan zafi mun zuba wa yaro a aljihu, babu kasko babu toka, a cikin hunturun da ya fi kowane bushewa, muka juya muka shiga ɗaki muka ja ƙofa.

Wani zai ce talauci ne ya jawo duk wannan, kuma wa'azi ba ya cika ciki. Akwai gaskiya a ciki, gaskiya mai ɗaci. Gonaki da yawa sun shekara ba a noma su ba, makarantun kwana sun daɗe a rufe bayan abin da ya faru a Ƙanƙara, ƙauyuka sun watse sun tare a Faskari da Funtuwa da Ƙanƙara, yara sun tashi a kangaye da azuzuwan firamare suna kallon iyayensu suna bara bayan a da su ke bayarwa. Wanda bai yarda cewa wannan yana buɗe wa shaiɗan ƙofa ba bai san yunwa ba. Amma a duba da kyau. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, yunwa ɗaya, wani ɗa ya ɗauki kura yana tallar ruwa, wani ya koyi gyaran waya ko faci, wani kuma ya sayar da maƙwabcinsa. Da talauci ne kaɗai ke yanke hukunci da dukansu sun bi hanya ɗaya. Dubban matasanmu suna cikin wannan hali kuma sun ƙi, wasu ma sun shiga rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, sun ba da rayukansu. Cewa talauci ya wanke mai laifi cin fuska ne ga waɗannan. Sannan infoma ba ya rage talaucin kowa: duk manomin da aka sace, 'yan ƙwadago goma ne suka rasa aikin damina, duk ɗan kasuwar da ya gudu Zariya ko Kano ya tafi da abincin yaran shagonsa.

Wani kuma zai ce ai yaro ne, bai san abin da yake yi ba. Wannan kalma ta “yaro ne” ta kashe gidaje da yawa. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun bayyana cewa da zarar alamun balaga sun bayyana, mutum ya zama mukallafi, ana rubuta masa ana rubuta a kansa, ko da shekarunsa 14 ne. In alamun ba su bayyana ba, shekara 18 ce iyaka. Ko wanda bai balaga ba, in ya lalata dukiyar wani, shari'a ba ta ce ta tafi a banza ba, ana biya. Mu da kanmu mun san haka a sauran al'amura. Ɗan shekara 16 muna tashinsa sallar asuba, muna sa shi azumi, muna ba shi garma da shanu, muna aikensa kasuwar Sheme da kuɗi masu yawa, wani ma ana maganar yi masa aure. Yaya za a yi ya zama babba a gona da masallaci, sai a kan waya kaɗai ya koma jariri? Tausayi na gaskiya shi ne a gaya masa tun yau cewa ya isa a kama shi da laifinsa, kafin wanda ba ya tausayinsa ya gaya masa a bayan kanta.

Uzurin da ya fi yawo shi ne, “Ni fa ba ni na rubuta ba, turowa aka yi na tura.” A nan ne haɗarin infoma ke haifar da wani haɗarin da ya kusa kai shi muni, wato ƙazafi. Saboda kowa a tsorace yake, ya isa a sa hoton mutum a zauren WhatsApp a rubuta “ga infoman garinmu,” kafin magariba rayuwarsa ta shiga haɗari. Wanda ya fara sawa wataƙila rikicin gona ne tsakaninsu, ko neman aure, ko bashi. Masu turawa ba su tambaya ba. An sha rasa rayuka a wannan yanki a kan zargi, an sha kashe mutum don kamanninsa ko harshensa, kuma kowane irin wannan kisa yakan zama hujjar da na daji ke kafawa su afka wa gari duka, su kuma ja 'yan uwan mamacin zuwa cikinsu. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotuna a Facebook ana cewa na kisan da ake yi ne, alhali ɗaya daga cikinsu, hoton wani jariri, daga ƙasar Kwango ya fito tun shekaru da suka wuce. Binciken BBC ya nuna yadda waɗannan hotuna suka hura wutar da ta sa aka tare hanya aka kashe matafiya 11. A Indiya, jita-jitar satar yara ta sa aka kashe bayin Allah da dama, har kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Mu kuwa muna da abin da ya riga kamfani: aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ita ma tana hukunta mai yaɗa ƙaryar da za ta tada hankali ko ta jefa rai cikin haɗari. Mai turawa ya sa hannu. In kana da zargi na gaskiya a kan wani, akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai ofishin 'yan sanda. Can ake kai shi a asirce, a bincika.

Saura masu cewa gwamnati ce ta gaza, don me za a tasa yara gaba da faɗa. Tsare rayuka aikin hukuma ne, babu jayayya, kuma mutanen wannan yanki suna da haƙƙin su tambaya da babbar murya, har a intanet ɗin, cikin ladabi da gaskiya. Sai dai gazawar wani ba ta sauke farillar wani. Soja zai iya tsare bakin gari, ba zai iya tsare bakin ɗanka ba. Haka nan masu cewa a ƙwace wayoyin kawai a huta, su tuna 2021: da aka rufe layuka, ɓarayin sun nemi wasu hanyoyin, talaka kuwa ya rasa yadda zai kira agaji in an shigo masa. Da wayar nan ake cike jarabawa, da ita ake sanin farashin hatsi, da ita ake gargaɗin ƙauye cewa an ga babura. Ƙasar Ostareliya ta kafa doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. Mu ba mu da irin wannan doka, amma kowane mai gida yana da ikon kafa ta a gidansa ba tare da ya jira majalisa ba.

Sauran illolin sanannu ne, ba sai an tsawaita ba. Faɗan kauraye da a da yakan tsaya a dandali ko wurin farauta, yanzu daga zagi a Facebook yake farawa ya ƙare da gora da wuƙa a bayan makaranta, wasu na gefe suna ɗauka maimakon su raba. Ƙwaya ta zama abin oda ta waya; binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da wiwi da sholisho suna nan. Ana yaudarar 'yan mata su tura hoton da bai dace ba, daga baya a riƙa tatsarsu da barazanar tona asiri. Cacar ƙwallo ta cinye jarin yara da yawa, ta koya wa wasu ɗauke-ɗauke a gida. Duk waɗannan ƙofofi ne da ke kaiwa ɗaki ɗaya, domin yaron da bashi ko ƙwaya ta kama shi ne mafi sauƙin saye.

Yanzu ku, iyaye. Abin kunya ne magidanci ya san yawan awakinsa, ya san wadda ba ta dawo ba da magariba, amma bai san wanda ɗansa ke magana da shi ƙarfe ɗaya na dare ba. Abin kunya ne yaron da ba ya sana'a ya shigo da wayar dubu ɗari, uwa ta ce “Allah ya sa albarka,” uba ya yi kamar bai gani ba don ana sammasa na goro. Wallahi wannan shirun ba ƙauna ba ce. Ka tambaye shi inda ya samo, in ya ce aboki ne, ka ce a kawo abokin. In ba ka iya karatun boko ba, wannan ba hujja ba ce. Akwai ƙaninka, akwai malamin makarantarsu, a buɗe wayar a gabanka. A sa doka cewa waya ba ta kwana a ɗakin yara, kuma ba a sa hoton gida ko amfanin gona ko ranar tafiya. Ke kuma uwa, ke kika fi kowa saurin ganin canji: ya daina cin abincin gida, yana fita waje in an kira shi, yana da layi biyu ɗaya a ɓoye. Kada ki rufa masa asirin da zai kai shi kabari. Kuma in yaro ya zo da kansa ya ce wasu sun fara aikensa yana tsoro, kada a rufe shi da duka, kada a yi shela. A kai maganar ga hakimi ko jami'in da aka amince da shi, a ɗauke yaron daga garin in ta kama. Wanda ya dawo tun kafin a zubar da jini ya cancanci a karɓe shi.

Limamai da malaman Islamiyya su sa wannan a huɗuba da darasi da sunansa, su ambaci TikTok da WhatsApp yadda suke ambaton giya da caca, don yaro ya san hukuncin ya shafi abin da ke hannunsa. Shugabannin makarantu, 'yan Hisba, masu shagon caji da masu sayar da layi, da duk wanda ya buɗe zauren WhatsApp yake shugabantarsa, kowa ya tsare ƙofar da aka ba shi. Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, da wannan takarda ta iso hannunku ko aka karanta muku: yau ɗin nan ku buɗe wayoyinku, ku fita daga shafin duk wani ɗan bindiga da kuke bi, ku goge hotunan da ke nuna gidajenku da dukiyar iyayenku, lambar da ba ku sani ba in ta kira tana tambayar wani, ku kashe ku gaya wa babba. Allah ya tsare mana ku, ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya.